Ranar da Aka Wanke Maus ɗin Baba

Mahaifina malamin zaure ne, haka mahaifinsa, haka kakansa da ya taso daga Barno ya yada zango a ƙauyenmu, can gefen Zakirai. Ba yara yake koyarwa ba. Magidanta ne masu gonaki da iyali, kowa ya zo da littafinsa na fiƙihu a hammata, ya sami wuri a tabarma ya jira layi ya zo kansa. Ɗalibi ya janyo Larabcin, Baba ya fassara masa, shi kuma yana amsawa da "na'am, na'am". Ɗakin Inna bango ɗaya ne da zauren, saboda haka da wannan sautin na yi wayo.

Shekarun baya hawan jini ya kayar da shi a hanyar masallaci. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma bai koma yadda yake a da ba. Hannun dama ya lanƙwashe, yatsun suka tattaru kamar mai riƙe da ƙwai, ga rawa. Ido ma ya ja baya, ƙananan baƙaƙen littafi suka gagare shi ko da tabarau. Zaure ya rufe wata da watanni, Baba yana ɗaki yana kallon rufi. Duk wanda ya san shi ya san rashin karatun ya fi ciwon cinsa.

Ni ce babbar 'yarsa. Ina koyarwa a firamare, aure ya kai ni Bacirawa, kuma duk gidanmu an san ni da baki da gajen haƙuri. Ni na kawo shawarar kwamfuta. Ina da wata tsohuwa ta ɗorawa a cinya, na sa aka zuba mini hotunan littattafan da yake karantarwa, shafi-shafi, yadda za a buɗa baƙi ya yi girman ɗan yatsa. Ƙanena ya haɗa mata caji da solar gidan. Ranar da Baba ya ga layin farko ya cika fuskar kwamfutar, sai da ya cire tabarau ya share ido.

Inda aka sami cikas shi ne wajen juya shafi. Wurin shafawar nan da ke jikin kwamfutar ba ya shiri da hannu mai rawa, da ya taɓa sai kibiya ta yi tsalle ta ɓace. Na ce ya gwada da hagu, ai lafiyarta ƙalau. Wani kallo da ya yi mini sai da na sunkuyar da kai. Layin da ke ɗauke da ayoyi da sunan Allah zai bi da hagu?

Maigidana ne ya zo da maus marar waya, wani tsoho baƙi da ya daɗe a durowarsa. Ƙato ne, mai ƙusumbi, duk fentinsa ya goge. Ikon Allah, da Baba ya ɗora hannunsa a kai sai tafin ya zauna daram, kamar an auna. Nauyinsa ya danne rawar, yatsan tsakiya kuma ya faɗo daidai kan 'yar tayar da ake murzawa shafi ya tafi. Aka ɗora kwamfutar a kan ɗan benci, maus ɗin yana kan allo a gefen gwiwarsa, babu wayar da za ta sarƙe masa ƙafa. Kibiyar ta zamar masa tsinken nuna karatu, da ita yake bin layi kada ya ɓace masa. Zaure ya sake buɗewa. Har daga wajen Watari wani tsohon ɗalibinsa ya yi takakkiya ya zo ya gani da idonsa.

An ɗauki lokaci ana haka lafiya lau, sai wani hutun makaranta da bazara na zo gida da jaririyata. Zafi ake yi kamar me, ƙuraje sun feso mata a wuya da cinyoyi. Inna ta ce in cire mata famfas ɗin nan jikinta ya sha iska. Bayan la'asar, ɗalibai sun watse, Baba ya ɗaga murya daga zaure ya ce a kawo masa amaryarsa, don haka yake kiran jikar tasa. Na kai masa ita na ɗora a cinyarsa. Yana mata wasa tana jan gemunsa, sai kawai yarinyar nan ta sakar masa fitsari. Ta jiƙa masa riga, ta jiƙa buzu, ya gangara kan allo har ya shiga ƙarƙashin maus.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Madalla, amarya ta yi wa ango wanka." Sannan ya dubi kayan ya ce, "A wanke riga, a wanke buzu, a wanke allo, a wanke wannan."

Na ce, "Baba, wanne?"

Ya nuna maus da haɓa.

Na ce, "Haba Baba, wannan ai ba a sa masa ruwa. Bari in samo sifirit a kemis in goge shi tas."

Ya ce, "Gogewa ba ta gusar da najasa. Sai ruwa mai tsarki ya bi ta kansa."

"Lantarki ne fa a cikinsa!"

"Najasa ba ta san lantarki ba. Abin da nake nuna sunan Allah da shi, in yi gumi a kansa, in shafa fuska?"

Wallahi raina ya ɓaci, amma wa ya isa ya ja da Baba a babin tsarki? A kansa ya yi furfura. Na saɓi yarinya na shiga ciki in wanke ta, da niyyar in na fito in ɗauke maus ɗin, in cire batir, in ɗan yayyafa masa ruwa a baya in ce an wanke. Ban san Inna ta riga ni ba. Ina fitowa na same ta a tsugune a bakin rariya da buta. Inna kuwa ba ta iya rabin aiki ba. Ta kwarara ta sama, ta juya shi ta kwarara ta ƙasa, ta murza tayar tana zuba ruwa ta tsagin don ya shiga ko'ina, ta girgiza shi ta ƙara. Jar wutar da ke cikinsa tana ƙyaftawa tana ƙyaftawa, a kan idona ta ɗauke.

Na ce, "Inna! Wayyo Inna, kin kashe shi!"

Ta ɗago a tsorace ta ce, "Malam ne ya ce a wanke. Ai yanzu zan shanya shi."

Ta shanya shi kuwa, a kan danga, kusa da rigar Baba. Washegari muka sa sabon batir, shiru. Wata maƙwabciya ta ce a binne shi cikin gero ya tsotse ruwan. Muka binne, muka tono, shiru dai.

Ban damu sosai ba da farko, don maus ba abin wuya ba ne a birni. Na yi wa maigidana waya, ya ba wani direba saƙo ya kawo mana sabo fil a kwalinsa. Kyakkyawa, siriri, shafal, ga santsi. Ni har murna nake na samo wanda ya fi na da. Kuskuren da aka yi shi ne ba a gwada shi a cikin gida ba, sai da safe a gaban ɗalibai. Ina ɗakin Inna ina jin komai. Hannun Baba bai sami abin kamawa ba, tafin yana sama, maus ɗin yana ƙasa. Da rawar ta motsa sai ya sulluɓe, shafuka suka yi ta gudu. Aka miƙo masa, ya sake ɗorawa, ya sake sulluɓewa, a karon ƙarshe har ya faɗa cinyar wani ɗalibi. Babu wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi sauƙi. Sai na ji muryar Baba ƙasa-ƙasa ya ce, "A yi haƙuri, a tashi."

Ya shigo yana jan sandarsa, ya wuce turaka. Washegari bai fita ba, jibi ma haka.

Babu dabarar da ban kawo ba. Na sake tayar da maganar hagu, ya yi banza da ni. Na ce to wani ɗalibi ya zauna kusa da shi ya riƙa juya masa, ya ce shi ba zai yi karatu kibiya tana bin ran wani ba, yana nan tana can. Na ce a cire kibiyar daga lissafi, ya karantar da ka, ai ya haddace rabin littattafan nan. Ya ce amanar ilimi ba ta yarda mutum ya ce "ina jin haka ne" ba. Ɗalibai sukan zo da safe su gaisa da ƙanena a ƙofa su juya, kullum suna raguwa. Lokacin kai taki gona ne, jakuna suna ta wucewa da mangaloli, hadari ya fara haɗowa ta gabas duk yamma. Na san da ruwa ya sauka kowa gonarsa zai nufa. Tsorona shi ne damina ta same mu zaure a rufe, don a wannan karon ban ga abin da zai sake fito da Baba ba.

Inna kuwa ta daina cin abincin kirki. Ko butar nan ma ta daina ɗauka, sai ta ɗauki wata.

Ranar kasuwar Zakirai na ɗauki tsohon da sabon na kai wa wani mai gyaran waya. Bawan Allah ya yi iya yinsa. Ya kwance tsohon, ya nuna mini yadda cikin ya yi kore, ya wanke da sifirit da burushi, ya busar. Wutar ta kawo, har na ce alhamdu lillahi da ƙarfi mutane suka waiwayo, sai ta sake ɗaukewa. Na ce to ya ɗebe kayan cikin sabon ya zuba a ƙoƙon tsohon. Ya gwada, tayar ba ta faɗa a raminta ba, idanun da ke ƙasansu masu gane motsi ma ba a wuri ɗaya suke ba. Ya mayar da sabon yadda yake ya ba ni haƙuri. Maigidana kuma ya zaga shagunan birni da hoton tsohon a waya, kowa ya ce an daina kawo irinsa, yanzu sirara ake yayi. Na dawo gida ina ta masifa ni kaɗai a kan babur, har ɗan acaɓan ya tambaye ni ko da shi nake.

Ana cikin haka Baffa ya zo. Baffa wani dattijon Bafulatani ne, Allah ya jiƙansa, gidansu yana bayan fadama, sun daɗe da zama har noma ya fi kiwo yawa a wurinsu. Da girma ya fara karatu a wajen Baba, shekara da shekaru yana jan littafi ɗaya, a lokacin ya kai babin rabon gado, dab da saukewa. Sa'an Baba ne, kuma tsakanin Fulani da mu Barebari akwai wasa, don haka shi kaɗai ne ɗalibin da yake gaya wa Baba abin da ya ga dama. Ya yi sallama, Inna ta ce ya shigo, ya zarce har ƙofar turaka yana cewa, "Ina bawan nawa? An ce Babarbare ya yi wa dokinsa wanka har ya mutu."

Da a da ne, kafin ya rufe baki Baba ya rama. Ran nan cewa kawai ya yi, "Bafillace, ka zo?"

Baffa ya ɗan yi turus. Ya tsuguna ya kama hannun Baba na dama, ya shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina zafi, ina iyali, ina jiki, ina shanu, alhali Baba ko akuya ba shi da ita. Ya ƙare ya sake ɗaukowa daga farko. Ina tsaye da kwanon ruwa na lura ya dunƙule hannunsa ya cusa cikin tafin Baba, yana juya shi a hankali, yana taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Haushi ya kama ni. A raina na ce wannan tsoho bai san hannun nan yana ciwo ba ne?

Da zai tafi ya yafito ni zuwa zaure. Ya ce, "'Yar Barebari, ɗauko mini sabon dokin. Nuna mini inda ba a so a rufe." Na nuna masa idon ƙasa, da murfin batir, da wuraren dannawa biyu, da taya. Ya sa na maimaita. Ya jefa shi a aljihu ya tafi, bai ce mini ga abin da zai yi ba, ni ma gajiya ta hana ni tambaya.

Ran Juma'a bayan an sauko ya dawo da abu a ƙunshe cikin hularsa. Da ya buɗe sai da na riƙe baki. Kan ludayi ne, na shan fura. Ya yanke mariƙin, ya goge bakin ya yi sumul, ya fafe gaba yadda taya da wuraren dannawa za su fito. Ya cusa auduga da ɗan yashi a ƙulle a ciki don ya yi nauyi, ya kife shi a bayan maus ɗin. Wani baduku ya lulluɓe masa shi da jar fata, ya yi masa maɗauri a sama irin na takalmi, inda hannu zai shige. Ashe gaisuwar nan awon hannun Baba Baffa yake yi. Ya ce da ya koma gida duk ludayan matarsa ya zazzage, yana cusa dunƙulen hannunsa a kowanne, har ta biyo shi da muciya tana cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Na kunna kwamfuta muka gwada, kibiya ta ƙi motsi. Da na juya shi sai na ga badukun ya zagayo da fatar ta ƙasa, ta ɗaga idon daga kan allo. Muka zauna ni da Baffa a zaure, na riƙe yana yankewa da reza, muka aika aka karɓo sholisho wajen mai facin taya muka manne fatar a gefe da gefe. Da ya bushe na tura shi da ɗan yatsa, kibiya ta bi. Baffa ya ce, "Yawwa, yanzu ya zama dokin Fulani."

Na kai wa Baba a guje. Ya kalle shi sau ɗaya ya juya fuska bango. Ya ce, "An mayar da ni abin wasa, har da ludayi." Na buɗe baki zan yi magana, Baffa daga waje ya ce, "Bar shi. Gobe da safe ki kunna akwatin ki ajiye komai a inda yake zama."

Na yi yadda ya ce. Da hantsi sai ga Baffa shi kaɗai da littafinsa. Ya zauna a gaban buzun da babu kowa a kai, ya yi bismilla, ya fara karatu da ƙarfi. Ya janyo Larabcin, ya fassara wa kansa, ya amsa wa kansa da "na'am". Kai, ban taɓa jin ɓarna irin wannan ba! Ni da ban yi nisa ba ma na san ana yanka Larabci. Ya ba miji rabon mata, ya hana uwa gado, ya ɗauki abin da ya rage ya ba maƙwabci. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi, don karatun Baffa ko a ranar lafiya sai a hankali. Na tambaye shi daga baya ya ce shi iyakar abin da Babarbare ya koya masa ke nan.

Muna ɗakin Inna muka ji gyaran murya daga turaka. Can muka ji an ce, "Subhanallahi." Baffa ya ƙara ɗaga murya. Sai ga ƙarar sanda a tsakar gida, Baba ya wuce ta ƙofarmu ko hula babu, yana cewa, "Wane ne yake rabon dukiyar marayu haka a zaurena?"

Ya shige zaure. Inna ta damƙe mini hannu. Ban ga lokacin da Baba ya zura hannunsa cikin maɗaurin ba, ban ga fuskarsa ba, kuma na gode Allah da babu wanda ya gani sai Baffa. Abin da muka ji kawai shi ne muryar Baba, irin tasa ta asali, ya ce, "Koma baya. Nan, inda kibiya take. Karanto."

Baffa ya karanto. Baba ya fassara. Baffa ya amsa da "na'am".

Na yi wa mutane da yawa godiya a rayuwata, amma wadda nake bin bayan Baffa da ita daban ce. Ban iya yi masa ita a gabansa yadda ya kamata ba, don da na fara sai ya ce 'yar bayi ba ta yi wa ubangidanta godiya, aikinsa ne. Yanzu sai dai addu'a, kuma ba na fashinta.

Karatu ya ci gaba, muryar Baba tana fita har waje. Masu wucewa gona da jakuna suka ji, muka fara jin sallama ɗaya bayan ɗaya. Inna ta saki hannuna ta zauna a bakin gado, hawaye yana zubo mata ba ta share ba. Ta ce, "Ni na ɗauka da hannuna na rufe zauren nan." Na ce ba ita ba ce, ta girgiza kai kawai. Can ta ce, "Leƙa ki gaya mini, akwai takalma a ƙofa?"

Na je na ɗaga asabari kaɗan na leƙa, na dawo.

Na ce, "Inna, har sun tare hanya."